Idan fayil ɗin furojet na SoapUI ya ƙi buɗuwa: yadda nake ceto gwaje-gwajen da ke ciki

Duk abin da ka gina a cikin SoapUI, manhajar da ake gwada sabis ɗin yanar gizo da ita, daga buƙatun da kake aika wa sabis, da rukunonin gwaji, da rubutun Groovy (yaren da ake rubuta wa manhajar umarni da shi), har zuwa ƙa'idojin tantance amsa, fayil guda ɗaya ne yake ɗauke da su. Yawanci sunansa yakan ƙare da -soapui-project.xml. Wannan yana da daɗi wajen tura wa abokin aiki, amma ranar da harafi ɗaya ya goce a cikinsa, aikin wata da watanni yakan tsaya cak, manhajar ta ce maka "Failed to load project from file" ta yi shiru. Aikina gwajin sabis ɗin biyan kuɗi ne, inda SOAP, tsohon tsarin aika saƙo tsakanin manhajoji, bai mutu ba har yau, kuma fayiloli irin waɗannan sun sha zuwa hannuna daga abokan aiki. Mafi yawansu sun warke. Dalili kuwa shi ne fayil ɗin rubutu ne tsantsa mai tsarin XML wanda ido zai iya karantawa, kuma lalacewar takan tsaya a wuri ɗaya ne, sauran na nan lafiya.

Kafin komai, cire hannunka daga manhajar

Abin da ya fi kashe fayil shi ne abin da mutum yake yi cikin mintuna goma na farko bayan ya ga saƙon kuskure. Sai ya rufe, ya sake buɗewa, ya danna Save All, ya sake rufewa. Kar ka yi haka. SoapUI na iya adana furojet a lokacin fita, kuma idan akwai kwafin ajiya, kowane sabon adanawa yana taka na baya. Ka bar manhajar yadda take, ka je foldar da fayil ɗin yake, ka kwafe foldar dungurungum zuwa wani wuri, filashi ko wata folda da ba ta haɗe da OneDrive ko makamancinsa. Daga nan duk wata tiyata a kan kwafi za ka yi ta. Na asalin kuma ba a taɓa shi har a gama.

Akwai hali guda da ya bambanta. Idan furojet ɗin yana buɗe a gabanka yana aiki, sai dai ka gano cewa wanda ke kan diski ya lalace, to abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta shi ne mai lafiya. Danna dama a kan furojet ɗin, zaɓi Save Project As, ka ba shi sabon suna a wata folda. Shi ke nan ka tsira, sauran bayanin nan ba ka buƙatarsa yau.

Bayan ka yi kwafi, dubi girman fayil ɗin. Wannan lambar kaɗai takan gaya mini rabin labarin. Idan sifili ce, babu abin gyarawa, sai neman tsohon kwafi. Idan girmansa ya ragu sosai daga yadda ka san shi, an yanke shi ne a tsakiyar rubutu. Idan girman yana nan daidai amma ya ƙi buɗuwa, ko dai wani baƙon harafi ne ya shiga, ko kuma an cika shi da bayit na sifili. Wannan na ƙarshen mun san shi sarai a nan: ana cikin adanawa a kwamfutar tebur, aka ɗauke wuta kafin janareta ya ɗauka, Windows ya riga ya ware wa fayil gurbinsa amma bai kai ga zuba abin da ke ciki ba. Idan ka buɗe shi a Notepad++ sai ka ga NUL NUL NUL jere har ƙasa. Fayil ɗin da gaba ɗayansa haka yake ba ya gyaruwa, kar ka ɓata darenka a kansa.

Nemi tsohon kwafi tukuna

Gyara da hannu shi ne zaɓi na biyu. Na farko shi ne a samo fayil ɗin jiya. SoapUI yana da tsarin ajiya a File, Preferences, UI Settings, inda akwai Create Backup da Backup Folder. Idan wani ya taɓa kunna shi, za ka sami fayil mai suna iri ɗaya da na furojet ɗinka amma da .backup a ƙarshe. Kwafe shi, cire .backup ɗin, ka shigo da shi ta Import Project. Kwafi ɗaya tak yake riƙewa, na adanawar da ta gabata, shi ya sa na ce kar ka yi ta dannawa.

Idan fayil ɗin yana cikin Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayiloli, sai hamdala. Umarnin git log --oneline -- sunan-fayil.xml zai jero maka duk lokutan da aka canza shi, kowanne da lambarsa, sai ka zaɓi na ƙarshe mai lafiya ka fito da shi da git show lamba:sunan-fayil.xml > tsoho.xml. Amma a nan akwai rami. Tsohon Windows PowerShell, siga ta 5.1 da ke zuwa da Windows, idan ka yi amfani da alamar > yakan rubuta fayil da tsarin adana haruffa na UTF-16, alhali layin farko na fayil ɗin yana cewa shi UTF-8 ne. Sai ka fito da fayil mai lafiya, ka lalata shi a hanya, ka ɗauka tun can ma a lalace yake. Yi wannan umarni a Git Bash, ko ka yi amfani da git restore --source=lamba sunan-fayil.xml wanda ba ya bi ta wannan alamar.

In babu Git, danna dama a kan fayil ɗin ka duba Previous Versions a Windows, ko tarihin sigogi idan foldar tana kan OneDrive ko Google Drive. Sannan ka tambayi mutane. Sau da yawa akwai wanda aka tura wa fayil ɗin ta imel makon jiya, ko kuma injin da ke gudanar da gwaji da daddare yana riƙe da nasa kwafin. Ko da tsohon kwafin bai cika ba, riƙe shi da kyau, domin shi ne za ka dasa wa abin da ka ceto.

Gano inda ciwon yake

Saƙon da SoapUI ke nunawa a fuska gajere ne. Cikakken bayanin yana shafin error log a ƙasan manhajar, ko a fayil ɗin soapui-errors.log. Amma ni na fi son in tambayi wata manhajar daban, saboda ta nuna mini layi da gurbin harafi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ja kwafin ka jefa shi cikin Firefox ko Chrome, za su gaya maka layin da kuskuren farko yake. Notepad++ da ƙarin XML Tools shi ma yana yi. A Linux ko Mac kuma xmllint --noout kwafi.xml ya isa. Idan ya yi ƙorafin girma, ƙara masa --huge.

Ka lura, a burauza kuskuren farko kawai ake nuna maka. Ka gyara shi, ka sake dubawa, wani ya fito. Haka za ka yi ta bi har a daina magana. Kuma kar ka tsorata idan ka ga layi ɗaya ya miƙe ba iyaka, SoapUI ba ya tsara fayil ɗin layi-layi sai an ce masa ya yi. Kar ka danna maɓallin tsara rubutu a edita tun fayil bai warke ba.

Idan saƙon ya ce "Content is not allowed in prolog", akwai wani abu gaban <?xml na layin farko. Wani lokaci harafi ne da hannu ya taɓa bisa kuskure, wani lokaci kuma ba ya ganuwa. Duba bayit na farko da xxd kwafi.xml | head, ko Format-Hex a PowerShell. Fayil mai lafiya da 3C 3F 78 6D 6C yake farawa. In ka ga FF FE a gaba, an juya shi zuwa UTF-16, sai ka buɗe a Notepad++ ka zaɓi Convert to UTF-8 daga Encoding. In EF BB BF ne, alamar BOM ce, wadda wasu editoci ke sawa a farkon fayil, ita ma wannan zaɓin zai cire ta.

Idan ya yi maganar "invalid XML character", wani harafin sarrafawa ne ya kutsa. XML 1.0 ba ya yarda da kowane harafi da ke ƙasa da 0x20 sai guda uku: 0x09, 0x0A da 0x0D, wato tab da alamomin sabon layi biyu. Waɗannan baƙin sukan shigo ne ta rubutun da wani ya yi don sauya ƙima a cikin fayil kai tsaye. A Notepad++ kunna Regular expression a akwatin nema ka sa [\x00-\x08\x0B\x0C\x0E-\x1F]. Kafin ka share su duka, dubi inda suke. Guda biyu ko uku a cikin wata ƙima ba komai, share. Amma idan dogon jeri ne na NUL a tsakiyar fayil, to rubutu ne ya ɓace a wurin, kuma share su zai haɗe maka kan wani gwaji da jelar wani. Wannan sashen sai a yanke shi gaba ɗaya, kamar yadda zan yi bayani.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mu masu sa sunayen Hausa a bayanan gwaji. Harafin ƙ bayit biyu ne a UTF-8, C6 99, ɗ kuma C9 97, alamar naira ₦ ma uku ce. Tsohon tsarin Windows-1252, wanda editoci ke kira ANSI, ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Idan wani ya buɗe furojet ya adana da ANSI, Ɗanladi zai koma ?anladi, fayil ɗin ya buɗu amma gwajin da ke neman sunan ya faɗi. Idan kuma akwai harafin Faransanci irin é, kamar yadda yake a bayanan abokan cinikin Nijar, zai zama bayit guda E9, wanda bai halatta shi kaɗai a UTF-8 ba, sai ka ga saƙo mai cewa "Invalid byte" a wani "UTF-8 sequence". Mayar da fayil ɗin UTF-8 zai sa ya buɗu, amma haruffan da suka zama alamar tambaya ba sa dawowa da kansu, sai ka neme su ka gyara ɗaya bayan ɗaya.

Sai ɓarnar haɗa aikin mutum biyu a Git. Nemi <<<<<<< a cikin fayil ɗin. Idan ka same shi, da ======= da >>>>>>> a ƙasansa, wani ya tura rikicin haɗewa ba tare da ya warware ba. Ba na ba da shawarar warware shi a cikin fayil ɗin, musamman idan layukan dogaye ne. Fito da sigar kowane mutum daban, ka buɗe su biyu a SoapUI da sunaye daban, ka kwashe gwaje-gwajen ɗaya zuwa ɗayan da Clone TestCase, wanda yake ba ka damar zaɓar furojet ɗin da za a kai. Ya fi jinkiri, amma ba ya haifar da fayil ɗin da zai buɗu alhali rabin mataki na wannan ne rabi na wancan.

Abu ɗaya kuma: idan ka buɗe fayil ka ga 'yan layuka a sama sai wani dogon shirme na haruffa da lambobi a ƙarƙashin encryptedContent, lafiyarsa ƙalau. An kulle furojet ɗin ne da kalmar sirri. Kar ka taɓa ko harafi ɗaya a ciki, nemi mai kalmar.

Fayil ɗin da aka yanke

Wannan shi ne ya fi yawa, kuma shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Saƙon yakan ƙunshi "Unexpected end of file" ko "Premature end of file". Diski ya cika, ko manhajar ta ƙare da ƙwaƙwalwa tana tsakiyar rubutu, ko an zare filashi, ko kwafi ta hanyar sadarwa ya katse.

Sai ka san yadda aka jera kayan cikin fayil ɗin. Alamomin XML kamar jeren kwanukan amarya suke, ƙarami cikin babba, kowanne da murfinsa. Babban kwanon shi ne con:soapui-project. A cikinsa con:interface ne ke fara zuwa, wato bayanin sabis ɗin da aka ɗauko daga WSDL, fayil ɗin da ke bayyana ayyukan sabis ɗin, kuma shi ne yakan cinye mafi yawan girman fayil saboda ana ajiye kwafin WSDL ɗin gaba ɗaya a ciki. Bayansa sai con:testSuite, a cikinsa con:testCase, a cikin wannan kuma con:testStep. Can ƙarshe sai con:mockService, wato sabis ɗin kwaikwayo, da con:properties, wato ƙimomin furojet, da saitunan tsaro. Tunda daga ƙasa ake yankewa, abin da kake rasawa shi ne ƙimomin furojet, da sabis ɗin kwaikwayo, da gwaje-gwajen ƙarshe.

Je ƙarshen fayil ɗin, ka nemi </con:testCase> na ƙarshe ta hanyar nema zuwa sama. Duk abin da ke bayansa gwaji ne da bai kammala ba. Yanke shi, amma kar ka zubar: liƙa shi a wani fayil daban, domin sau da yawa akwai rubutun Groovy ko jikin buƙata a ciki da za ka kwafa da hannu daga baya. Sannan ka rufe abin da ya rage a buɗe, </con:testSuite> sai </con:soapui-project>. Duba da burauza ko xmllint, in ya wuce, shigo da shi.

Me ya sa ba a rufewa daga daidai inda aka yanke? Saboda yawanci yankan yakan faɗa ne a cikin CDATA, wurin da SoapUI ke ajiye jikin buƙata tsakanin <![CDATA[ da ]]>. Duk abin da ka rubuta a nan ana ɗaukarsa rubutu ne kawai, alamomin rufewarka ba za su yi aiki ba. Ko ka rufe CDATA ɗin ma, za ka sami mataki mai rabin buƙata wanda zai iya sa manhajar ta yi tuntuɓe wajen lodawa. Gara a rasa gwaji ɗaya a san an rasa shi.

Akwai xmllint --recover, wanda yake rufe alamomin da kansa ya fitar da fayil mai tsari. Ina amfani da shi don in ga abin da zai fito, ba na dogara da shi, domin yana zubar da abin da bai gane ba ba tare da ya faɗa maka nawa ne ba. Idan ka yi amfani da shi, ƙirga <con:testCase a fayil na asali da na sabon, lambobin su zo kusa da juna, bambancin kuma ka san dalilinsa.

Idan lalacewar tana sama ne, a cikin con:interface, to ka yi sa'a, don wannan sashen ana iya sake samo shi daga WSDL. Ƙirƙiri sabon furojet da WSDL ɗin, adana, rufe SoapUI gaba ɗaya. Buɗe sabon fayil ɗin a edita, ka liƙa kowane rukuni mai lafiya, daga <con:testSuite har </con:testSuite>, nan da nan bayan </con:interface> na ƙarshe. Yi rukuni ɗaya, buɗe ka gani, rufe, ƙara na gaba. Idan ka zuba su duka lokaci guda ya ƙi, ba za ka san wanne ne mai ciwon ba. Haka ma ake yi idan ramin yana tsakiya: a ɗauki na sama da na ƙasa, a bar mai ramin.

Kowane matakin buƙata yana kiran sabis ɗinsa da aikinsa da suna, don haka sunayen da ke sabon furojet dole su yi daidai da na tsohon. In ba su yi ba, SoapUI zai fito da akwatin Resolve Project ya tambaye ka inda zai haɗa su. Karanta kafin ka amsa, don cikin zaɓin har da cire matakin. Kuma kar ka canza lambobin id da ke jikin gwaje-gwajen, matakin Run TestCase da su yake gane gwajin da zai kira. Layin xmlns:con="http://eviware.com/soapui/config" da ke saman fayil shi ma a bar shi yadda yake. Eviware kamfanin Suwidin ne da ya fara riƙe manhajar bayan Ole Lensmar ya fito da ita a 2005, SmartBear ya saye shi a 2011, amma sunan ya zauna a cikin fayil ɗin, kuma in ka "gyara" shi zuwa sabon suna, manhajar ba za ta gane furojet ɗinta ba.

Idan ka taɓa rubutun Groovy ta edita, tuna cewa a wajen CDATA alamar & sai an rubuta ta &amp;, alamar < kuma &lt;. Sharaɗi ɗaya mai && da aka liƙa kai tsaye ya isa ya sake rushe abin da ka gyara.

Buɗuwa ba ita ce warkewa ba

Da zarar ya buɗu, adana shi da sabon suna, sannan ka bi sawun abin da ya ɓace. Ƙimomin furojet ne suka fi ɓoyewa. Nemi ${#Project# a cikin fayil ɗin, zai nuna maka duk sunayen da gwaje-gwajen ke tsammani, sai ka sake ƙirƙirarsu a Custom Properties. SoapUI ba ya ihu idan ƙima ta ɓace, gurbinta kawai yake bari fanko, sai buƙata ta tafi ba lambar asusu, sabis ya mayar da amsar kuskure, gwajin da ƙa'idarsa ba ta da tsauri kuma ya nuna kore. Duba adireshin da kowace buƙata ke tafiya kafin ka danna komai, musamman in ka sake ɗauko WSDL, don adireshin da ke cikinsa zai iya zama na sabis ɗin gaske da abokan ciniki ke amfani da shi. Sannan ka gudanar da duka ka kwatanta adadin gwaji da na rahoton ƙarshe da kake da shi.

Wani lokaci furojet ɗin lafiyarsa lau, jerin da manhajar ke riƙewa ne ya lalace. Idan SoapUI ya buɗe ba ko furojet ɗaya, ko ya ƙi tashi sam, duba default-soapui-workspace.xml da soapui-settings.xml a foldar gida ta mai amfani. Canza musu suna, manhajar za ta ƙirƙiri sababbi, ka sake shigo da furojet ɗinka.

Masu JMeter, wata manhajar gwajin daban, hanyar kusan ɗaya ce tunda fayil ɗinku na .jmx ma XML ne, kuma kun fi mu gata: tun siga ta 3.0 a 2016 yana ajiye kwafi goma na baya a foldar backups da kansa. Sai dai ku kula, saƙon CannotResolveClassException yawanci yana nufin akwai ƙarin manhajar da mai fayil ɗin ya sa wadda babu a kwamfutarku. Kuma kowane abu a .jmx yana tafe da hashTree nasa a bayansa, in za a yanke, tare ake yanke su.

Saitin da nake yi a kowace sabuwar kwamfuta kaɗan ne. Ina kunna Create Backup. Ina kunna Pretty Print Project Files a WSDL Settings da Normalize Line-Breaks a UI Settings, don Git ya riƙa ganin canji layi-layi. Idan furojet ya yi nauyi, ina ƙara adadin -Xmx, wato iyakar ƙwaƙwalwar da manhajar za ta iya ci, a fayil ɗin .vmoptions da ke foldar bin ta SoapUI. Ba na barin testrunner, wato umarnin da ke gudanar da gwaji ba tare da buɗe manhajar ba, ya yi aiki da -S a kan fayil ɗin da wani ya buɗe, saboda wannan zaɓin yana adana furojet bayan gwaji, hannu biyu ke nan a kan fayil ɗaya. Masu ReadyAPI, sigar da ake biya, suna da composite project, wanda yake rarraba furojet zuwa ƙananan fayiloli a folda. A sigar kyauta kuwa, abin da nake yi shi ne in raba babban furojet gida-gida bisa sabis, kowane ɗaya da fayil ɗinsa a Git.